Ba Kashim da Turmin Bayan Azahar

In an fito sallar asuba, Ba Kashim ba ya komawa tabarma. Gwangwanin baƙin mai yake ɗauka da gashin kaza guda, ya bi ƙofofin gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙyauren ƙarfe ne, in ya sha rairayin Diffa kuka yake kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Sai ya ɗiga mai inda ƙyauren ke juyawa, ya tura, ya jawo, ya kasa kunne. In bai ji kome ba ya wuce. Daga nan ya tafi bakin pampo ya gyara tsohuwar robar taya da ya shimfiɗa a ƙasa, don in an dire bokiti kar ya tashi mai barci. Sannan ya share tsakar gida, amma sai ya yayyafa ruwa tukun, ya ce tsintsiya a busasshiyar ƙasa surutu gare ta. Bayan haka ne yake zama ya dafa shayinsa.

Ni Ya Fanna ce, ɗakina ne na farko in ka shigo daga zaure. Duk ƴan hayan gidan nan ba wanda bai tarar da ni ba. Ban yi lakwal ba, wato boko. Zuhura, malamar lakwal da muke bango ɗaya, ita ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana zan gane ranar da aka karanta. Dalilin maganar shi ne, watan nan Ba Kashim, mai kula da gidan nan, ya aje makullai. Gwiwa ta ƙi, ƴaƴansa sun ce ya koma garkarsu ta tattasai a bakin kogin Komadugu ya zauna inuwa yana nuna musu da sanda. Ni kuma ba na son mutum ya tafi da bashinsa a kan mutane ba a faɗa ba.

Gidan na Alhaji Abdullatif ne, shi yana Damagaram, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ɗakuna ne jeri biyu suna kallon juna, kwano ɗaya ya rufe kowane jeri, bangon tsakani kuma bai kai kwanon ba. Wanda ya zauna irin gidan ya san abin da nake nufi. In maƙwabcinka ya yi atishawa, kai ne za ka ce masa yarhamukallah. Ga Barebari, ga Hausawa, ga Fulani, ga waɗanda suka ƙetaro ruwa daga Najeriya, ga ma'aikatan buro, ƴan ofis. Kowa da lokacin barcinsa, kowa da abin da kunnensa ke ɗauka.

Ba Kashim bai taɓa tara mu ya karanta mana doka ba. Sabon ɗan haya in ya zo, kafin ya kwance kaya, sai ya kai shi ɗakin maƙwabci ya zaunar da shi, shi kuma ya shiga ɗakin da za a ba shi. Da Idrisa ya zo, ɗakina aka zaunar da shi. Gardi ne, mai gadin dare a buron wani purje na agaji, ya zo da rediyo mai girman akwati. Muna zaune, sai ga Ba Kashim ya dawo.

"Me ka ji?"

"Na ji cokali cikin kofi."

"Sai me?"

"Na ji ka kurɓa. Har ka ƙone harshe."

"To, ni da shayi ke nan," in ji Ba Kashim. "Kai ka san abin da ke cikin akwatinka."

Idrisa ya dubi rediyon, ya dube ni. Na ce masa, "Ɗana, ni waƙa ba ta dame ni ba, amma labarin ƙwallo ka riƙe abinka."

Haka kuma in an kai masa ƙara, ba ya cewa wance ta ce. Sai ya tari mutum a waje, can gindin bango, ya ce, "Gida ya ji ka jiya." Shi ke nan. Na sha matsa masa ya gaya mini wa ya kai ƙarar jikokina, har goro na ba shi, ya ci goron bai faɗa ba. Har yau ina riƙe da wannan.

Doka ɗaya ce kowa ya sani ba sai an tuna masa ba. Daga azahar zuwa la'asar ba a daka, ba a kunna rediyo, ba a tada gurup, injin wuta, ko wutar kuran ta ɗauke, yara kuma su yi waje. Saboda Idrisa aka tsaurara ta, don shi kwana yake a tsaye bakin ƙofar mutane, in bai yi barci da rana ba to ba shi da wani barci. Jarirai da tsofaffi muka ci albarkacinsa. Gidan kan yi tsit, har ka ji ƙadangare na tafiya bisa kwano. Mutanen kartiye, unguwar tamu, na cewa gidan Ba Kashim ya fi gidan likita shiru, mu kuma muna jin daɗi.

Sai Rabi'atu ta zo. Daga wani ƙauye take can bayan Bosso, tashin hankali ya koro ta. Ta yi shekaru cikin rumfar zana a bakin gudro, titin kwalta, da ƴaƴanta biyu, mace da namiji, kafin ta samu abin kama ɗaki. Ba ta zo da miji ba, ba wanda ya tambaya. Bandar kifi take sayarwa a kasuwa da safe, ta dawo kafin azahar. Mace ce mai kunya, gaisuwa har ƙasa, ba ta aron gishiri sai ta mayar da fiye da abin da ta ɗiba. Yaran aka sa su lakwal ɗin da Zuhura ke koyarwa.

Mu nan Diffa mun san abin da mutanen can ke ɗauke da shi. Mun ga wanda marfin tano, gangar ruwa, ya faɗi, ya kwanta ƙasa ya rufe kai. Saboda haka ba wanda ya ce mana, muka ƙara lallaɓawa. Ba Kashim ya ƙara mai a ƙyaure, ya naɗe bakin marfin tano da roba.

Ba a yi sati biyu ba abin ya fara. In an gama azahar gida ya kwanta, sai ka ga Rabi'atu ta fito da ƙunshi a ka, ta riƙe yaran hannu da hannu, ba takalmi, ta yi waje da sauri. Ba ta ihu, ba ta magana. Ta je bakin gudro ta tsaya cikin rana tana kallon gabas. In an kira la'asar ta dawo kai a sunkuye, ta shige ɗaki. Ba kullum ba, amma sau da yawa.

Muka ce lalle akwai ƙarar da ke firgita ta. Aka kai kajin Hasna, maƙwabciyarta ta dama, gidan ƙanwarta. Aka hana mai sayar da ruwan sanyi kira a ƙofa. Ni kaina na daina jan carbi mai ƙwaya manya, na koma na zare. Gida ya ƙara yin tsit, ita kuma fitar ta ƙara yawa.

Ranar nan ta fita ta bar tukunya a kan wuta. Zanar madafa ta kama. Idrisa ne hayaƙi ya tasa, ya fito da ɗan gajeren wando ya yaye zanar da hannu, ya ƙone daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Kafin magariba labari ya kai Damagaram. Alhaji ya bugo waya ya ce ƙarshen wata ta ba shi ɗakinsa. Idrisa ma ya ce ko ita ko shi. Ba mugu ba ne, hannunsa ne a naɗe, matarsa na da ciki, kuma ƙarƙashin kwano ɗaya suke kwana.

Duk mun san inda za ta in ta fita. Ba mai ba ta ɗaki a kartiyen nan bayan an ji ta sa wa gida wuta. Rumfar zana za ta koma, yaran su bar lakwal.

Ba Kashim ya roƙi Alhaji ya dakata har ya zo da kansa, tun da dama yana da niyyar zuwa. Alhaji ya ce to, amma bai canja magana ba. Daga ranar Ba Kashim ya daina kwanciyar rana. Sai ya ɗauko buhu ya zauna gindin bangon Rabi'atu ta waje, yana neman ƙarar da ke tada ta. Na ce masa, "Ka kama ɓarawon?" Ya ce, "Ya Fanna, ba kome. Ko ƙuda ba ya wucewa. Sai in ga ta fito."

Hasna ce ta warware mana, ba da niyya ba. Ana gobe sunan ɗan yayarta, aiki ya yi mata yawa, ta ɗauko turmi bayan azahar ta hau daka. Ba Kashim ya miƙe zai je ya hana ta. Ina kallo daga ƙofata. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Rabi'atu ce zaune a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafa, tana yi wa ƴarta kitso, har tana ɗan gyangyaɗi. Ya koma kan buhunsa ya zauna. Ranar Idrisa bai yi barci ba, ya yi ta tsaki, Rabi'atu kuwa ba ta fita ba.

Washegari ya ce in raka shi, don ba ya shiga zance da matar mutane shi kaɗai. Muka zauna bakin ƙofarta.

"Wushe, Rabi'atu."

"Wushe, Baba. Sannu, Iya."

"Jiya ba ki fita ba."

Ta murza bakin zane, ta ce, "Ana daka."

"In ana daka fa?"

"In ana daka, mata na gida. In mata na gida, ba abin da ya faru."

Sai ta gaya mana. Ranar da suka baro garinsu, zazzaɓi ya kwantar da ita da rana, yaran na barci kusa da ita. Labari ya iso gari cewa mahara na tafe, mutane suka sulale ba wanda ya ɗaga murya, kowa na zaton wani ya tashe ta. Ba harbi ne ya farkar da ita ba. Ta ce farkawa ta yi ta ji ba turmi, ba kukan yaro, ko jaki ba ya motsi. Tun daga ranar, in rana ta yi tsaka wuri ya yi irin wannan shirun, ƙafarta ke tashi da kanta.

Na ce, "Ke kuwa ƴar nan, bakinki ciwo yake? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Iya, na ga yadda kuke ta lallaɓawa saboda ni. Har kaji aka kora. Na ji nauyin in ce muku shi ne ke kashe ni."

Ba Kashim ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

To ga inda aikin yake. Ita sai da turmi, Idrisa sai ba turmi, ɗakunansu kuma jeri ɗaya. Akwai ɗaki guda a gidan da ba ya cikin jeri, can ƙarshe bayan bishiyar dogon yaro, bangonsa har sama, ya fi ko'ina sanyi. Na Ba Kashim ne. Shi ne abu ɗaya mai daɗi da aikin nan ya ba shi. Ya kira Idrisa ya nuna masa.

"Kwaso kayanka."

"Kai fa, Baba?"

"Zaure."

"Zaure da sauro, da masu wucewa?"

"Ni mai gadin ƙofa ne, kai ma ka san aikin. Kwaso, har akwatin surutun naka."

Sannan ya tona rami a bayan bangon Rabi'atu, ya binne turmi har rabi cikin rairayi, don dukan ya riƙa shiga ƙasa da bango, kar ya tashi sama. Ya sa Hasna ta daka, ya sa Idrisa ya kwanta a sabon ɗaki, ya yi ta kai da komo tsakaninsu yana ƙara ƙasa, har Idrisa ya ce ba ya ji, Rabi'atu ta ce tana ji a bayanta in ta jingina.

Rabon daka ni ya bar wa, ya ce na fi shi sanin mata. Gaskiya ne. Na san wadda Rabi'atu ta goya wa ɗa zuwa likita, na san wadda ta ci bandarta ranar da ba cefane. Wadda ta fara cewa bayanta na ciwo, sai in tuna mata a hankali. Ba wadda ta ƙi sau biyu. Daka ce a hankali, ba lugude, ba waƙa. Gero, ko busasshiyar kuɓewa, in babu a zuba dusa. Tattasai kam an hana, don ba a taru a yi tari ba.

Ranar da Alhaji ya iso, ba wanda ya san zai zo. An yi rasuwa a wata kartiye, matan gidan duk sun tafi gaisuwa. Ni ƙafa ta kumbura, ko tsayuwa ba na iyawa, balle taɓarya. Rabi'atu ta dawo kasuwa da ciwon kai ta kwanta. Aka sallame azahar. Ina jin gidan na yin sanyi, irin shirun nan yana sauka. Sai na ga Ba Kashim ya fito zaure, ya duba hagu, ya duba dama, ya naɗe hannun riga. Ya zuba dusa, ya ɗauki taɓarya.

Dattijo da farin gemu, mai jikoki, yana daka a cikin gidan haya, ƙofa a buɗe. Masu shayi na ƙofar gida suka leƙo. Wani ya ce, "Ba Kashim, a kawo maka zane?" Wani ya ce, "Amarya, yau fura za mu sha?" Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ku yi dariyarku a hankali, Idrisa na barci."

A haka Alhaji ya shigo ya same shi.

"Kashim, me nake gani?"

"Aikin gida, Alhaji. Sannu da hanya." Bai tsaya ba.

"Aje mana mu gaisa."

"Sai la'asar, ranka ya daɗe. In na aje yanzu, abin da ya kawo ka zai faru a gabanka."

Ya yi masa bayani tsakanin duka da duka, guntu-guntu, yana haki. Alhaji ya dube ni. Na ja jiki da sanda na ɗaga labulen ƙofar Rabi'atu kaɗan, na ce, "Ni dai ga abin da nake gani. Tana barci, ta juya baya ga bango, yaron ya ɗora mata ƙafa. Ƙunshin da take gudu da shi ma ta kwance, ta yi matashi da zanen."

Alhaji ya zauna a benci har aka kira salla. Da Ba Kashim ya jingine taɓarya, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa. Alhaji ya ce, "Ta zauna. Amma in wuta ta sake tashi a gidan nan, kai da ita za ku fita tare."

"Na ji," in ji Ba Kashim. "A rubuta ni a gaba."

Wuta ba ta sake tashi ba. Rabi'atu na ɗakinta har yau, ƴar ta kai ajin ƙarshe. Ba zan ce ta warke ba, don ban sani ba, kuma ba mu gwada tsayar da turmin mu gani ba. Wasu ranakun ita da kanta ke dakan. Sabon ɗan haya in ya zo, ana zaunar da shi ɗakin maƙwabci yadda aka saba, sannan a nuna masa turmin a ce, wannan kaɗai ke da izinin magana bayan azahar.

Ba Kashim, kunnen gidan nan, yanzu da kai nake. Kai ne ka kafa dokar shirun, kai ne ka fi kowa alfahari da ita, kai ne kuma ka fara tanƙwara ta da ka ga tana cin mutum. Na ga masu kula da gidaje da yawa, in doka tasu ce sun gwammace ɗan haya ya fita da su taɓa ta. Kai ne ka kwana zaure damina bayan damina, sauro na cinka, ba ka taɓa cewa Idrisa ya tuna ɗakin wa yake ciki ba. Kai ne ka tsaya maza na yi maka dariya da taɓarya a hannu. Dakanka ba kyau, rabin dusar a ƙasa take ƙarewa, wannan ma a rubuta. Kana da rowar magana, kuma har yau ba ka gaya mini wa ya kai ƙarar jikokina ba. Duk na haɗa na auna. Mu ne a ƙasa, kuma ba mu da abin biya. Mun gode. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya sa tattasai ya yi ja, ya kai ka garka lafiya.

Ku kuma masu riƙe da gidajen mutane a garin nan, da ku ƴan haya, abin da zan ce kaɗan ne. Rage rediyo abu ne mai kyau, a rage. Amma kafin ku yanke abin da maƙwabci ke so, ku je ku zauna gindin bangonsa, in ta kama ku buɗe baki ku tambaye shi. Mu gida guda muka yi wata muna cutar baiwar Allah da ladabi.

Idrisa aka ba makullan, ya bar aikin dare. Ranar miƙawa Ba Kashim ya haɗa masa da gwangwanin mai da gashin kazar, sannan ya nuna bayan bangon Rabi'atu da haɓa.

Idrisa ya ce, "Har da taɓaryar, Baba?"

"Har da ita."

Shekaranjiya mata sun tafi biki. Ina kwance bayan azahar na ji turmi, duka ɗaya nan, ɗaya can, kamar mai sarar itace. Ban tashi dubawa ba. Na san dakan namiji in na ji.